Masu Faɗa a Ji a Kafafen Sada Zumunta da Rabuwar Kan Jama'a

A da, labarin siyasa yakan iso ƙauyukan kwarin Rima ta rediyo ko ta bakin waɗanda suka dawo daga cin kasuwa. A yau kuwa, saƙon murya da aka ɗauka a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da hantsi, kafin azahar manoman shinkafa na saurarensa a fadamar Argungu. Don haka ya kamata jama'a su san su wane ne ke juya akalar waɗannan saƙonni.

Abu na farko, masu yawan magana a waɗannan kafafe 'yan kaɗan ne. A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa, a tsakanin manyan Amurkawa masu amfani da Twitter, kashi 10 cikin 100 ne suka rubuta kashi 97 cikin 100 na saƙonnin siyasar ƙasa. Su ne kuma suka fi zafin ra'ayi, sai mai karatu ya ɗauka gari duka ya rabu gida biyu.

Na biyu, kamfanoni irin su Facebook da TikTok da tallace-tallace suke samun kuɗi, saboda haka na'urorinsu kan fifita saƙon da ya fi jawo martani. Zagi da ƙazafi kuwa sun fi bayani mai natsuwa jawo martani. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa a Twitter.

Na uku, ba kowane mai ɗimbin mabiya ke faɗin ra'ayin kansa ba. A watan Janairun 2023, binciken BBC ya bayyana yadda 'yan siyasa a Nijeriya ke biyan irin waɗannan mutane a asirce domin su ɓata sunan abokan hamayya. Aikin sojojin baka ne ya tashi daga rediyo ya koma waya.

Haɗarin ya fi ƙamari idan takara ta yi zafi. Idan za a iya tunawa, zaɓen gwamnan Jihar Kebbi na ranar 18 ga Maris, 2023 bai kammala ba, sai da aka ƙarasa shi ranar 15 ga Afrilu. Makonni huɗu jama'a suna jira. A irin wannan lokaci, sakamakon bogi guda ɗaya ya isa ya haɗa maƙwabta faɗa, alhali hukumar zaɓe ta INEC kaɗai doka ta bai wa ikon bayyana sakamako.

Mutanen wannan yanki sun san illar gaba. Kabawa da Daular Usmaniyya sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna yaƙi, kuma ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 ita ce tushen bikin kamun kifin da ake alfahari da shi. Zumuncin da aka sha wahala kafin a ƙulla bai kamata a bari saƙon minti biyu ya warware shi ba.

Saboda haka ana kira ga jama'a, kafin su tura saƙo gaba, su tambayi kansu: wa ya fara faɗa, yaushe, kuma wa zai amfana? A sani cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga mai yaɗa ƙarya da gangan don tayar da hankalin jama'a. Sukar gwamnati ko jam'iyya bisa hujja kuwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne.

Har ila yau, ana jan hankalin iyayen ƙasa da hakimai da limamai da kansiloli da su riƙa fitar da sahihin bayani da wuri, cikin harshen da jama'a ke ji, musamman ta saƙon murya domin waɗanda ba su karatun boko. Zaɓe na wucewa, amma fadama ɗaya ake nomawa, kasuwa ɗaya ake ci.