Yadda ake ƙawata kundin hotuna da na'urar huda takarda

Ga yawancin ma'aikata, na'urar huda takarda kayan ofis ce kawai: a huda wasiƙa, a zura mata igiya, a sanya ta a fayil. Amma a hannun masu haɗa kundin tuna baya, wato albam ɗin da ake manna hotuna, katunan gayyata da guntayen jaridu tare da bayanin kowannensu, ta zama kayan ado. Sai dai amfani da ita na buƙatar lura, domin abin da aka huda ba ya komawa yadda yake.

Wani Bajamushe, Friedrich Soennecken, ne ya yi rajistar mallakar fasahar na'urar a ranar 14 ga Nuwamba, 1886. Al'adar haɗa kundi kuwa ta girme ta, domin tun a 1873 marubucin Amurka Mark Twain ya samu rajistar wani kundi mai gam a shafukansa. Harkar ta bunƙasa ne bayan 1980, lokacin da Marielen Christensen ta baje kolin kundayen tarihin iyalinta a wani taro a jihar Utah, ta kuma buɗe kantin kayan aikin a 1981. Da kasuwa ta faɗaɗa, kamfanoni irin su Fiskars suka shiga ƙera na'urori masu fitar da siffar fure, ganye ko tauraro, da masu yanka bakin takarda kamar leshi.

Duk dannawa ɗaya abu biyu take bayarwa: guntun da ya faɗo da ramin da ya bari. Mai sabon hannu yakan ɗauki guntun ya zubar da sauran takardar, gwani kuwa yana amfana da duka biyun. Idan aka ɗora furanni uku masu girma daban-daban a kan juna, aka ɗan lanƙwasa gefensu, sai su yi tudu kamar na gaske. Takardar da ta rage kuma, idan aka shimfiɗa ta a kan wata mai launi daban, ramukan sai su bayyana launin da ke ƙasa. Ko ƙananan da'irorin da na'urar ofis ke zubarwa ana iya jera su su kewaye hoto.

Akwai dabaru biyu masu sauƙaƙa aiki. Na farko, a kifa na'urar domin a ga daidai wurin da za ta yanka. Na biyu, wajen ƙawata bakin shafi a fara daga tsakiya a nufi gefe, ta yadda adon zai daidaita dama da hagu.

Babbar ƙa'idar ita ce kada a huda hoto na asali. Hoton auren iyaye ko na kaka da aka ɗauka shekara 50 da suka wuce sau da yawa shi kaɗai ya rage. A kwafe shi, a yanka kwafin. In kuwa na asalin ake so a shafin, akwai na'ura mai tsaga kusurwar takarda, sai a cusa kusurwowin hoton huɗu a tsagar ba tare da gam ya taɓa shi ba. Salatif kuwa a guje shi, domin yana bushewa ya bar tabo.

Haka nan a nemi takardar da aka rubuta cewa ba ta da asid. Takardar jarida na ɗauke da sinadarin lignin, wanda ke sa ta yin rawaya da karyewa, har ta ɓata abin da ke manne da ita. Saboda haka ya fi kyau a yi hoton labarin a kan takarda mai inganci.

Ita ma na'urar tana son kulawa. Idan ta fara maƙalewa, a huda takarda mai kaki sau da dama domin ta yi santsi. Kada a tilasta mata kwali mai kauri, kuma a nisanta ta da danshin damina saboda tsatsa.

Daga ƙarshe, komai kyawun shafi a bar wurin rubuta suna, gari da shekara. Jikokin da za su buɗe kundin nan gaba za su yaba furannin, amma abin da za su fara tambaya shi ne: wane ne wannan?