Gugguru a gida: Yadda ake yin sa, abin da ake barbaɗa masa da yaran da bai kamata a ba su ba



Idan kina zaune a Agege ko Sabon Ibadan ko Mararaba, kin san yadda ake yi a bakin makaranta da zarar an tashi. Ƙamshin gugguru ne ke tarar yara tun kafin su fito daga ƙofa, sai a fara jan mayafi ana "Umma, a saya mana." Ki saya leda ɗaya, gobe ma haka. Kuɗin ba shi da yawa a rana guda, amma idan kika haɗa na wata za ki ga ya isa ya sayi masarar da za ta wadaci gidan har da baƙi. Sannan ba ki san irin man da aka yi amfani da shi ba, ba ki san yawan sukari da kalar da aka zuba ba. A gida kuwa komai yana hannunki, aikin ma bai wuce minti goma ba.

Ba kowace masara ke fashewa ba

Kuskuren da mata da yawa ke fara yi shi ne ɗibar masarar tuwo a zuba a mai. Wannan sai dai ta soyu ta yi tauri, ko ta ɗan tsage. Masarar gugguru iri ce daban: ƙwayarta ƙanana ce, mai sheƙi, kuma ɓawonta yana da ƙarfi, ba ya barin tururi ya fita. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗan ruwa, kimanin kashi 14 cikin 100 na nauyinta. Idan ta ji wuta, ruwan nan sai ya zama tururi, ya dafa garin da ke ciki, ya yi ta matsa ɓawon. Da zafin ya kai wajen digiri 180 sai ɓawon ya fashe, garin ya kumburo waje ya daskare nan take. Farin abin da muke ci ke nan.

Abin ya daɗe a duniya. Masara daga nahiyar Amurka ta fito, kuma masu binciken tarihi sun tono ragowar masarar gugguru a gaɓar tekun ƙasar Peru wadda ta haura shekara 6,000. A nan gida kuma, wanda ya zauna a ƙasar Yarbawa ya san gugguru da gyaɗa tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ba a raba su.

Wajen saye, ki duba da kyau. Ki guji wadda ƙwaro ya huda, domin tururi zai fice ta ramin, ba za ta fashe ba. Ki guji wadda ta yi fumfuna ko take warin rima, saboda fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma zafin tukunya ba ya kawar da ita. Ki adana masarar a kwalba ko roba mai murfi, nesa da murhu da rana. Idan hunturu ya busar da ita har ta daina fashewa sosai, ki zuba kofi uku a kwalba, ki sa babban cokali ɗaya na ruwa, ki rufe, ki riƙa girgizawa har kwana biyu ko uku. Kada ruwan ya wuce haka, don kada ta yi fumfuna.

Yadda za ki yi

Ki tanadi tukunya mai kaurin gindi da murfi, rabin kofi na masarar gugguru, wato kimanin giram 100, da babban cokali biyu zuwa uku na mai. Man gyaɗa yana yi, man kwakwa yana yi, soyayyen man shanu ma yana yi, ga ƙamshi. Bota kuwa saurin ƙonewa take yi, don haka ki bar ta sai an sauke.

Ki ɗora tukunyar a matsakaiciyar wuta, ki zuba man, ki jefa ƙwaya uku ki rufe. Idan kika ji ukun nan sun fashe, man ya yi zafin da ake so. Sai ki zuba sauran masarar, ki girgiza don mai ya taɓa kowace ƙwaya, ki sauke tukunyar gefe na daƙiƙa 30, sannan ki mayar. Wannan ɗan hutun yana sa ƙwayoyin su ɗauki zafi tare, su fashe kusan lokaci guda, maimakon na farko su ƙone na ƙarshe ba su tashi ba.

Da an fara tas-tas, ki riƙe hannun tukunyar da tsumma ki riƙa girgizawa lokaci zuwa lokaci. Ki ɗan karkata murfin kaɗan yadda tururi zai samu hanya. Idan ya taru a ciki, ruwa zai ɗigo ya sa gugguru ya yi laushi kamar soso. Idan ƙarar ta ragu har kina iya ƙirga ɗaya, biyu, uku tsakanin fashewa da fashewa, ki sauke, ki juye a babban kwano nan da nan. Wadda ta tsaya jiran ƙwaya ta ƙarshe, ita ke ƙona tukunya guda. Rabin kofin nan zai ba ki fiye da kofi goma.

Idan a kan gawayi ko itace kike girki, ki bari harshen wutar ya kwanta tukuna. Mai na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuma za ta iya zuba babban cokali uku na masara a kwanon tangaran, ta rufe da faranti, ta kunna na minti biyu zuwa uku tana saurare, ba tare da mai ba ko kaɗan. Dawa ma tana fashewa idan kina son gwadawa, sai dai nata ƙanana ne, kuma ba duka ke tashi ba.

Abin da za ki barbaɗa

Dokar guda ce: a barbaɗa yana da zafi, kuma garin ya yi laushi sosai. Gishirin da ba a niƙa ba gangarewa yake yi ƙasan kwano, shi ya sa ake ta ƙarawa har ya yi yawa. Ki daka shi a turmi ya zama gari, za ki ga kwatan ƙaramin cokali ya ishi kwano guda. Idan garin ya ƙi kamawa, ki yayyafa ƙaramin cokali na narkakken man shanu ki juya tukuna.

Ga masu son yaji, yajin ƙuli irin na tsire yana tafiya da gugguru ƙwarai. Ki tankaɗe shi, kuma ki tuna yawanci akwai gishiri da ɗanɗano a cikinsa, ba sai kin ƙara ba. Ki kuma tabbatar babu wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini a cikin masu ci. Garin citta da ɗan barkono ma yana yi, musamman lokacin sanyi.

Ga masu son zaƙi, ki haɗa garin kirfa da ƙaramin cokali biyu na niƙaƙƙen sukari, ko madarar gari da busasshiyar kwakwa. Garin dabino yana ba da zaƙi mai daɗi, garin ƙwame kuma yana ba da ɗan tsami wanda yara ke so.

Mai sukari irin na kanti, a cikin tukunya ake yin sa. Bayan man ya yi zafi kin zuba masara, sai ki barbaɗa babban cokali biyu na sukari, ki rage wuta kaɗan, ki yi ta girgizawa ba tsayawa, domin sukari ba ya jira. Da kin sauke ki baza a faranti ya sha iska. A nan ki kori yara daga kicin: narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma idan ya ɗiga a fata mannewa yake yi. Kalar da ake sawa ya zama ja ko kore ba ta ƙara masa komai sai kyan gani, za ki iya barin ta.

Lafiyarsa tana ga abin da aka zuba masa

Gugguru cikakken hatsi ne, ba a surfe shi ba, don haka yana tare da dusarsa wadda ke taimaka wa hanji, tana rage taurin bayan gida. Kofi uku na wanda aka yi ba mai bai kai kalori 100 ba, ga shi yana cika ciki. Amma idan aka lafta masa mai da sukari da gishiri, ya tashi daga wannan matsayi ya koma sahun alewa da cincin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin miya da ɗanɗano. Game da sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, ta ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, in so samu ne ma a tsaya a rabin haka. Saboda haka idan Maigida yana da hawan jini, ki yi masa na citta ko kirfa ba gishiri. Mai ciwon sukari kuma ya tuna cewa gugguru masara ce: ya ci marar sukari, ya auna, kada ya rungumi kwano.

Kada a ba ƙananan yara

Wannan shi ne abin da muka fi so ki riƙe, Uwargida. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sa gugguru cikin abincin da bai kamata a ba yaron da bai kai shekara 4 ba, tare da gyaɗa da alewa mai tauri. Ƙaramin yaro bai iya tauna sosai ba, hanyar numfashinsa siririya ce, gugguru kuma ba shi da nauyi. Dariya ko kuka ko gudu da shi a baki na iya sa ya zuƙe shi zuwa huhu. Sau da yawa ma ba uwa ke bayarwa ba, yayye ne ke sammasa don ƙauna. Ki ja musu kunne, ki kuma share wanda ya zube a ƙasa kafin mai rarrafe ya tsinta.

Manyan yara su ci a zaune. Kafin ki ba su, ki girgiza kwanon ki kwashi na sama, ki zubar da ƙwayoyin da suka ƙi fashewa, don suna iya fasa haƙori.

Idan yaro ya ƙware amma yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kada ki zura yatsa kina lalube, za ki iya tura abin ciki. Idan kuwa ya kasa tari ko kuka ko numfashi, ki sunkuyar da shi, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau biyar. Idan bai fito ba kuma yaron ya wuce shekara ɗaya, ki tsaya ta bayansa, ki ɗora dunƙulen hannu a saman cibiya ki danna ciki da sama sau biyar. Ki ci gaba da sauyawa, a lokaci guda wani ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Ko da abin ya wuce, idan tari ko ƙarar numfashi ko zazzaɓi ya biyo baya a kwanakin, a kai shi likita ya duba, a kuma faɗa masa abin da ya faru.

Wanda ya rage, ki bari ya huce sarai sannan ki rufe a roba mai murfi. A garuruwa masu laima kamar Legas da Fatakwal, kwano buɗe ba ya kwana bai yi laushi ba. Ki gwada a ƙarshen makon nan da rabin kofi, ki raba kashi biyu, ɗaya na yaji ɗaya na kirfa, ki ga wanda zai fara ƙarewa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.