Yadda A Ke Gwada Manhajar Kwamfuta Kafin A Amince Da Ita

Edita ya matsa mini in rubuta wani abu a kan karatun da a ke ganina da shi kullum da maraice a ɗakin kwamfuta. Na yarda, amma sai na fara da ba ku labarin abin kunyar da ya jefa ni cikin karatun.

Sa'ad da mu ka fita koyon koyarwa bara, an ba ni aji mai yara 52. Da jarrabawa ta ƙare sai na ce ba zan sha wahalar tara maki da hannu ba. Na buɗe Excel, na shirya masa ƙa'ida ya tara makin kowane yaro, ya rubuta ko ya ci ko ya faɗi. Dokar makarantar ita ce wanda ya sami 40 ko fiye ya ci. Na gwada da 75, ya ce an ci. Na gwada da 20, ya ce an faɗi. Na ce madalla, aiki ya yi, na miƙa wa hedimasta ina ta fara'a. Bayan kwana uku sai ga wani dattijo riƙe da hannun 'yarsa, idonta ya yi ja don kuka. Ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma yarinyar nan ta ce 40 ta samu, an kuwa rubuta ta faɗi." Na duba, ashe gaskiyarta ce. A cikin ƙa'idar na rubuta "abin da ya fi 40", alhali "40 ko abin da ya fi" ya kamata in rubuta. 'Yar alama guda ce na bari, saura kaɗan ta sa yarinya ta maimaita aji.

Kwamfuta ba ta yi laifin kome ba, abin da na gaya mata shi ta yi. Jerin umurnin nan da mutum ke rubuta wa kwamfuta shi a ke kira manhaja. Kada ku ruɗe da manhajar karatu da mu ka sani a nan kwaleji, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tun da mutum ne ke rubuta ta, ba ta rasa aibi. Turawa su kan kira irin wannan aibi ƙwaro, har akwai labarin da su ke so ƙwarai: a 1947, a jami'ar Harvard ta Amurka, an tsinci ƙwaron fitila na gaske ya maƙale cikin wata babbar na'urar lissafi, aka cire shi aka manna a littafin aiki. Neman waɗannan aibobi tun ba su kai ga jama'a ba ya zama sana'a mai zaman kanta, da ƙa'idodinta, da kayan aikinta, har da takardar shaidarta.

To, mene ne laifina a wajen gwaji? Ai na gwada. Laifin shi ne na gwada don in ga abin ya yi, ban gwada don in ga inda zai karye ba. Ku dubi mace in za ta sayi tukunya a kasuwa. Ba ta tsayawa yabon zanen da ke jikinta. Ƙwanƙwasa ta ta ke yi ta kowane gefe tana sauraro, don tsaga ta ke nema. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi wannan gargaɗi tun wajen 1970, cewa gwaji yana iya nuna akwai aibi, amma ba ya iya tabbatar da babu. Mu malamai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Yaro ya amsa tambaya goma daidai, wannan bai nuna ya san lissafi duka ba, ya nuna dai ba ka taɓo inda ya ke da rauni ba tukuna.

Wani zai ce, to, a gwada kome da kome mana. Ba shi yiwuwa. Maki daga 0 zuwa 100 lambobi 101 ke nan. In darasi biyu ne, hanyoyin da makin zai iya haɗuwa 10,201 ne. In uku ne, 1,030,301. Yaranmu kuwa darasi goma su ke yi ko fiye. Saboda haka gwanintar mai gwaji tana wajen zaɓe, watau ya ɗauki 'yan gwaje-gwaje kaɗan waɗanda su ka fi yiwuwa su tono ɓarna.

Dabara ta fari ita ce a kasa lambobin kashi-kashi, kowane kashi ya ƙunshi waɗanda manhajar za ta yi wa hukunci iri ɗaya. A nawa aikin kashi huɗu ne: abin da ya gaza 0, sai 0 zuwa 39, sai 40 zuwa 100, sai abin da ya wuce 100. In ka gwada 75, ba ka da bukatar gwada 76 da 77, gidansu ɗaya. Ni kashi biyu kaɗai na taɓa. Ban tambayi kaina abin da zai faru ba in hannu ya zame aka buga 570 maimakon 57, ko aka bar gurbi ba kome don yaro ba shi da lafiya ranar jarrabawa.

Dabara ta biyu ita ce wadda da na san ta da dattijon nan bai sha tafiya ba. A kan iyaka aibi ya fi son ɓuya, kamar yadda rigimar gona ba ta tashi a tsakiyar gona sai a gefen da ta haɗu da ta maƙwabci. Don haka sai a gwada lambar da ke kan iyakar, da wadda ke bayanta, da wadda ke gabanta: 39, 40, 41. Haka kuma 0 da abin da ke ƙasa da shi, da 100 da 101. Aikin da bai kai minti biyu ba ke nan.

Kada ku ce wannan ƙaramar magana ce ta malamin ƙauye. Ran 4 ga Yuni 1996 Turawa su ka harba sabon rokansu mai suna Ariane 5 daga Kourou, a Kudancin Amurka. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya kauce hanya ya tarwatse. Da aka bincika sai aka tarar an ɗauko wani sashen manhaja daga tsohon roka, Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki lafiya. Amma sabon ya fi tsohon gudu, sai wata lamba ta yi girma har ta wuce 32,767, iyakar abin da gurbin da aka tanadar mata zai iya ɗauka. Na'urar ta tsaya. Ta biyun da aka ajiye don ko-ta-kwana ita ma ta tsaya, gama manhajarsu ɗaya. Ba a kuwa gwada sashen nan da irin tafiyar sabon rokan ba, an dogara ga cewa ya yi aiki a da.

Gwaji hawa-hawa ne, kamar ginin ɗaki. A kan gwada kowane ƙaramin sashe shi kaɗai, kamar magini na duba tubali. Sa'an nan a gwada ko sassan sun zauna da juna, sa'an nan a gwada ginin dukansa, daga ƙarshe mai ɗaki ya shiga ya ce ko abin da ya ke so ke nan. Hawa na biyu shi a ka fi rainawa. A 1999 Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, domin ƙungiya ɗaya ta yi lissafi da ma'aunin fam na Ingilishi, ɗaya kuwa tana tsammanin ma'aunin mita ne. Kowa ya auna daidai, amma mudunsu ba ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da na ga ya fi kome wuya, shi ne mutum ya gwada aikin kansa. Laifi tudu ne, ka take naka ka hangi na wani. Na karanta ƙa'idar nan tawa ya fi sau biyar, idona yana ganin abin da na yi nufin rubutawa, ba abin da na rubuta ba. Shi ya sa a kamfanoni a kan sa wani dabam ya karanta rubutun tun ba a kunna shi ba, kamar yadda a ke kai tambayoyin jarrabawa wurin shugaban sashe ya duba kafin a buga.

Yanzu sai batun kayan aiki. Duk sa'ad da aka gyara wuri ɗaya a manhaja, ana iya ɓata wani wurin da ya ke lafiya, don haka tilas a maimaita tsofaffin gwaje-gwaje duka bayan kowane gyara. Mutum ya kan gaji, ya kan yi gyangyaɗi, amma inji ba ruwansa. Sai aka ƙirƙiro manhajoji masu gwada manhaja. JUnit, wanda Kent Beck da Erich Gamma su ka rubuta a 1997, na gwada ƙananan sassa ne. Selenium, wanda Jason Huggins ya fara a 2004, shi ke buɗe shafin intanet da kansa, ya cika gurabe, ya danna maɓalli kamar mutum, ya duba abin da ya fito. JMeter kuwa ya kan yi kamar dubban mutane ne su ka afka wa shafi lokaci ɗaya, don a ga ko zai ɗauki nauyin. Wanda ya taɓa kwana yana neman duba sakamakon jarrabawa shafi ya ƙi buɗewa ya san amfanin wannan. Akwai kuma Jira da irinsa, inda a ke rubuta kowane aibi da aka samu a bi shi har a gyara. Amma a ganina ɗalibai sun cika ɗokin waɗannan sunaye. Inji abin da ka ba shi ya ke maimaitawa. Da na ba Selenium 75 da 20, da ya gwada su sau dubu yana ce mini lafiya lau, yarinyar kuwa tana gida tana kuka.

Mun ma ga irin wannan a ƙasarmu. A watan Mayu 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya nemi gafara har da hawaye, domin wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawar bai kai ga wasu daga cikin manyan injinan ba. Sakamakon ɗalibai 379,997 ya ɓaci a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, sai da su ka sake zama. Yaran da za mu koyar gobe ta irin wannan ƙofa za su bi.

Takardar shaidar da na ke shiri dominta ta wata hukuma ce mai suna ISTQB, wadda aka kafa a Edinbara a 2002, tana da rassa a ƙasashe da yawa har da Nijeriya. Matakin farko shi a ke kira na tushe, an kuwa sabunta darussansa a 2023. Tambayoyi 40 ne na zaɓi, a cikin minti 60, ana bukatar a ci 26, watau kashi 65 cikin 100. Wanda harshen jarrabawar ba nasa na gado ba ne yana iya roƙon ƙarin minti 15. Babi shida ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Babi na huɗu, na dabarun zaɓen gwaji irin waɗanda na bayyana a sama, shi ke da tambayoyi 11. Babin kayan aiki, wanda kowa ke rawar jiki a kansa, biyu kacal ke gare shi.

Abin da ya ba ni dariya shi ne da na ga an kasa tambayoyin mataki uku, na tunawa, na fahimta, da na aikatawa. Na ce, ashe Bloom ne ya biyo ni har nan! Rabe-raben nan nasa na 1956 da mu ke haddacewa a darasin ilimin koyarwa su ne aka ɗauko. Saboda haka hadda kaɗai ba ta fid da mutum. Shawarata ga mai so ita ce ya sauko da littafin darussan da samfurin tambayoyi daga shafin hukumar, kyauta ne. Ya karanta littafin sau biyu, ya lura da kalmomi ƙwarai, gama sun bambanta kuskuren da mutum ya yi, da aibin da kuskuren ya bari a cikin rubutu, da gazawar da a ke gani sa'ad da manhajar ke aiki. A labarina, mantuwata ita ce kuskure, alamar da ta ɓace ita ce aibi, "ta faɗi" da aka rubuta wa yarinya ita ce gazawa. Sa'an nan ya zauna da agogo ya amsa samfurin, duk wadda ya faɗi ya koma ya nemi dalili. Ku yi hankali da masu sayar da tambayoyin da su ke cewa na gaske ne. Ko da sun fid da kai, ranar da aka ajiye maka manhaja aka ce nemo aibinta, ba su nan. Takardar kanta ma ba ta mai da mutum gwani, shaida ce dai ya san harshen sana'ar.

Ga wani ɗan aiki na bar muku, na wani marubuci ne, Glenford Myers, a littafinsa na 1979 a kan gwajin manhaja. A ce akwai manhajar da za ka ba ta lambobi uku, tsawon gefunan alwatika, ita kuwa ta faɗa maka ko gefunan uku daidai su ke, ko biyu ne daidai, ko kowane dabam. Rubuta dukan gwaje-gwajen da za ka yi mata. Ni da na fara, bakwai na samo ina ta alfahari, sai wani abokina na sashen lissafi ya ce, "Kai, in aka ba ta 1, 2 da 3 fa?" Na zana na ga ashe ba su yin alwatika ko kaɗan, layi ne miƙaƙƙe. Wanda ya rubuta nasa ya kawo mini ɗakin kwamfuta ran Asabar bayan la'asar, mu gwama.