Helenancin Koine

Helenancin Koine, ko Girkancin Koine, shi ne nau'in harshen Girka da aka rubuta littattafai 27 na Sabon Alkawari da shi a ƙarni na 1 Miladiyya. Ma'anar koine ita ce "gama-gari". Harshen ya yaɗu a gabashin Bahar Rum bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma, wanda ya mutu a shekara ta 323 kafin Miladiyya. Yana da haruffa 24, daga alfa zuwa omega.

Nahawu

Suna a Helenanci yana da jinsi uku: namiji, tamata, da wanda ba namiji ba mace ba. Hausa kuwa biyu gare ta. Ƙarshen suna yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla, kamar yadda i'irabi yake a Larabci, sai dai yanayin biyar ne a Helenanci, uku a Larabci.

Wannan bambanci yana shafar fassara. Aikatau na Helenanci sau da yawa ba ya nuna ko mai aikin namiji ne ko mace, amma Bahaushe dole ya zaɓi "ya" ko "ta". Haka kuma logos namiji ne, "kalma" kuwa tamata ce, shi ya sa masu fassarar farkon Linjilar Yahaya suka mayar da ita namiji, domin Almasihu ake nufi a wurin.

Kalmomin da suka shigo Hausa

Wasu sun biyo ta Larabci tun da daɗewa: Linjila daga euangelion (albishir), Iblis daga diabolos (mai ƙazafi), alƙalami daga kalamos (kara). Wasu kuma fassarar Littafi Mai Tsarki ce ta yaɗa su, kamar ikilisiya daga ekklesia (taron jama'a) da baftisma daga baptisma.

Fassara zuwa Hausa

An buga Sabon Alkawari da Hausa a 1880, fassarar J. F. Schön. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, kuma Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya daɗe a Zariya, yana cikin manyan masu fassarar. A yau ana koyar da Helenanci a makarantun tauhidin Kirista na Arewa, irin su TCNN da ke Bukuru a Jihar Filato.