Mugun Tauraro da Tsammanin Mai Karatu a Littattafan Kano Masu Kashi-Kashi

Tun daga shekarun 1980 marubutan da ake kira na adabin kasuwar Kano suka riƙa fitar da labari ɗaya cikin littattafai biyu ko uku, na ɗaya yanzu, na biyu bayan wasu watanni. Dalilin farko kuɗi ne, domin marubuci shi ke biyan maɗaba'a daga aljihunsa, cinikin littafi na ɗaya kuma shi ke buga na biyu. Sai dai tsarin ya shafi zubin labarin kansa. A tazarar da ke tsakanin kashi da kashi mai karatu ba ya yin shiru. Yana hasashe, yana gardama da abokai, wani ma ya aika wa marubucin wasiƙa.

A irin wannan hali mugun tauraro tamkar bashi ne a wuyan marubuci. Misali, a In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991), Sumayya 'yar masu hali tana son Muhammad, wanda talaka ne, danginta kuwa sun fi son attajiri Abdulƙadir. Mai karatu ba ya bukatar ya so Abdulƙadir. Abin da yake bukata shi ne ya ga ƙarshensa, kuma haushin da yake ji ne ke mayar da shi wurin mai sayar da littattafai. Ɗalibi yakan ɗauka cewa tauraron da aka tsana aibi ne a labari. Ba haka ba ne. Aibin yana ga tauraron da ba wanda ya damu da makomarsa.

Sau da yawa sunan littafin ne ke ɗaukar alkawarin, musamman idan karin magana ne. Duk Bahaushen da ya ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya san cikon maganar, saboda haka tun kafin Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu, an san alhaki zai biyo shi. Tambayar ita ce ta wace hanya. Marubuciyar ta biya bashin, don kuwa gobara ta cinye masa kanti, dukiya ta watse. Amma ba ta tsaya inda mai karatu ya so ta tsaya ba. Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafafunta ta hanyar sayar da abinci, sai ga dangi sun matsa mata ta sake karɓar mijin da ya wulaƙanta ta. Wanda ya jira ya ga an hukunta Alhaji Abdu ya samu abin da ya nema, amma Rabi ce aka bar wa ɗawainiyar ciyar da shi.