Zamiya A Kan Dusar Ƙanƙara: Amsoshin Wasu Tambayoyi

A watan Fabrairu na shekarar 2026, lokacin da aka yi wasannin Olamfik na hunturu a ƙasar Italiya, an ga abin da ba a taɓa gani ba, wato tutar Jamhuriyar Benin a cikin tutocin ƙasashe masu gasa a kan dusar ƙanƙara. Wani saurayi mai suna Nathan Tchibozo, wanda ya tashi a Faransa, shi ne ya wakilci ƙasarmu a wasan zamiya daga kan dutse. Ranar Litinin da na shiga aji a nan Malanville, darasin lissafi bai yiwu ba, domin yaran da suka kalli tele sun yi mini rubdugu da tambayoyi: "Mushe, a ina ya koya? Mushe, me ke hana su faɗuwa?"

Ba a yi mako biyu ba sai ga wani maƙwabcina, dillalin albasa, ya yi mini sallama bayan la'asar ransa a ɓace. Ɗansa da ke karatu a Grenoble ya bugo masa waya, wai abokan karatu za su hau dutse su yi wannan wasa, yana neman izini da ɗan abin guzuri. Ya ce, "Malam, karatu na tura shi. In hana shi ne, ko in bar shi ya je ya karya wuya?" Tunda yaranmu na tafiya Faransa da Maroko neman ilmi, 'yan kasuwarmu kuma na zuwa Dubai, na ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Matambayi ba ya ɓata, shi ya sa na tattaro abin da na karanta da wanda na ji daga tsofaffin ɗalibaina da suka gwada, na kawo muku a nan.

Wai mene ne wannan wasa?

Da farko sai mu bambance ƙanƙara da dusar ƙanƙara. Wadda muka sani ita ce mai tauri, ta cikin firji, ko wadda takan faɗo kamar tsakuwa a farkon damina. Dusar ƙanƙara kuwa laushi gare ta, tana saukowa daga sama kamar auduga, ta taru a ƙasa kamar garin rogo. A kan wannan ne ake zamiya.

Turawa na kiran wasan siki. Kalmar daga harshen mutanen Norway ta fito, asalin ma'anarta kuma faskaren itace, domin mutanen can da katako suke tafiya farauta da ziyara a lokacin sanyi tun kafin abin ya zama wasa. Iri biyu ne manya. Akwai na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda mutum ke tura kansa da ƙarfinsa, akwai kuma na gangara, inda ake hawa dutse a zamo ƙasa. Na biyun shi ne batunmu. An fara wasannin Olamfik na hunturu a Chamonix ta Faransa a 1924, zamiyar gangara kuma ta shiga cikinsu a 1936.

Me ya sa ba a yinsa a wajenmu?

Ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri sifiri, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau sama zafi kan ragu da wajen digiri 6. To Malanville tana bakin kogin Kwara, tsayinta daga teku bai kai mita 200 ba, duwatsun Atakora ma da muke ji da su ba su kai mita 700 ba. Sanyin hunturun da ke sa mu jin wuta da asuba bai kusa isa ba.

Amma kada a ce Afirka ba ta da dusar ƙanƙara. A Maroko akwai Oukaïmeden a cikin duwatsun Atlas, kudu da Marrakech, sama da mita 2,600, inda ake zamiya a tsakiyar hunturu idan dusar ta sauka da yawa. A Lesotho akwai wurin da ake kira Afriski, su kuma sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta yake. A Dubai kuwa tun 2005 aka gina gangara a cikin wata babbar kasuwar zamani, inji ke yin dusar, ko da a waje rana na ƙuna.

Waɗanne kaya ake bukata?

Na farko katakai biyu dogaye marasa faɗi, ɗaya a kowace ƙafa. Na zamani cikinsu itace ne, an lulluɓe shi da roba mai ƙarfi, gefe da gefe kuma an sa ƙarfe mai kaifi wanda ke cizon dusar idan za a juya. Na ɗan koyo gajere ake ba shi, wanda in an tsayar da shi zai kai masa wajen haɓa. Na biyu takalmi mai tauri da ke riƙe idon sawu kam. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, wani maƙalli ne a kan katakon mai kama da tarko, yana kama takalmin gaba da baya, amma in mutum ya faɗi da ƙarfi sai ya saki, don kada katakon ya murɗe masa ƙafa. Ana saita shi gwargwadon nauyin mutum da tsawonsa da iyawarsa. Saboda haka idan mai ba da hayar kaya ya tambaye ka, faɗi gaskiya. Wanda ya ce shi gwani ne alhali bai iya ba, za a ɗaure masa tarkon da ƙarfi, ranar faɗuwa kuma gwiwarsa ce za ta biya.

Sai sanduna biyu, da hular kwano, da safar hannu, da tabarau. Tabarau ɗin ba ado ba ne, domin farar dusa na mayar da hasken rana cikin ido har ta ƙona shi, mutum ya kwana biyu yana hawaye. Tufafi kuwa hawa uku ake sawa: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai ɗumi, na waje mai hana ruwa da iska. Iyayen 'ya'ya mata su kwantar da hankalinsu ta wannan fuska, suturar wasan ta rufe jiki daga kai har ƙafa, kallabi kuma na shiga ƙarƙashin hular kwano.

Yaya ake hawa dutsen?

Ba da ƙafa ba. Akwai kujeru da aka rataye a igiyar ƙarfe, inji na jan su zuwa sama, akwai kuma wasu kamar ƙananan ɗakuna masu gilashi. A wurin 'yan koyo sau da yawa wata shimfiɗa ce mai tafiya da kanta, ka tsaya a kai ta kai ka. Hanyoyin saukowa an yi musu alama da launi. A Faransa kore na ɗan koyo ne, shuɗi ya ɗan fi gangara, ja na wanda ya iya, baƙi kuma na gwanaye. Wanda ya bi abokai ya hau har ƙololuwa a ranar farko, zai tarar babu koriyar hanyar da za ta sauko da shi.

Mene ne darasin farko?

Yarana na aji sun ɗauka gudu ake fara koya. Gudu kuwa ba ya bukatar malami, gangara ce ke ba da shi kyauta. Abin da ake biyan kuɗi a koya shi ne tsayawa. Kowa ya san ba a ba yaro babur sai ya san inda birki yake, to katakon zamiya ba shi da birki sai ƙafafun mai shi.

Ga yadda ake yi. Mutum zai kusanto da kawunan katakan biyu ta gaba, ya buɗe su ta baya, su yi kamar harafin A, ya ɗan lanƙwasa gwiwoyi ciki. Gwargwadon yadda ya buɗe bayan, gwargwadon yadda gudu ke raguwa, har ya tsaya. In zai juya hagu sai ya ɗora nauyinsa a ƙafar dama, in zai juya dama ya ɗora a ta hagu. Ba a miƙe ake saukowa ba, ana yin kwana-kwana ne daga wannan gefe zuwa wancan, yadda jaki mai kaya ke sauka gangaren bakin kogi. Kuskuren da ɗan koyo ya fi yi shi ne jingina baya saboda tsoro, alhali nan ne katakon ke kufce masa. Sai ya tura ƙwaurinsa gaba ya danne harshen takalmin, hannuwa a gaba, ido a inda za shi.

Faɗuwa ma koyonta ake yi. In abin ya gagara, a zube a gefe ɗaya, kada a tokare da hannu. Wajen tashi kuma a gitta katakan a kan gangarar, don in suna kallon ƙasa za su tafi da mutum tun bai miƙe ba. A Faransa akwai makarantar koyar da wasan ta ƙasa tun 1945, ana gane malamanta da jajayen kaya. Yawancin mutane bayan 'yan kwanaki tare da malami sukan iya sauko da koriyar hanya su kaɗai.

Shin akwai haɗari?

Akwai, ba za mu ɓoye ba. Raunin da ya fi yawa na gwiwa ne, inda jijiya ke tsinkewa, sai na kafaɗa da babban yatsa. Wanda ya fi muni shi ne na kai. A watan Disamba na 2013 shahararren direban tseren mota Michael Schumacher ya faɗi a Méribel ta Faransa, a wani wuri da ke wajen hanyar da aka shata, kansa ya bugi dutse, ya yi mummunan rauni duk da yana sanye da hular kwano. Wajen hanya kuma nan ne dusar kan ɓalle daga dutse ta rufto, ta binne mutane.

Gudun da ake gani a tele na masu gasa ne. A 2013 an auna Bafaranshe Johan Clarey yana gudun kilomita 161.9 a sa'a a Wengen ta ƙasar Suwizalan. Ɗan koyo a koriyar hanya bai fi mai keke gudu ba. Hukumar wasan ta duniya ta kafa dokoki goma, ga manyansu: kada ka yi gudun da ya fi ƙarfinka; wanda ke gabanka shi ke da hanya, domin ba shi da ido a ƙeya; kada ka tsaya a wuri mai ƙunci ko inda ba a hango ka; dubi sama kafin ka shiga hanya; in ka tarar da haɗari ka taimaka.

Nawa ake kashewa?

Wasa ne mai cin kuɗi. A manyan wuraren Faransa tikitin hawa na yini ɗaya kan wuce Yuro 50, wato kusan sefa dubu 33, ban da hayar kaya da kuɗin malami da na mota. Ƙananan wurare sun fi araha, ƙungiyoyin ɗalibai kuma kan samu rangwame. Ɗan koyo ba ya sayen kaya, haya yake yi. Abin da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne inshora ta yini, domin a Faransa idan masu ceto suka sauko da mutum daga kan hanyar zamiya, shi ake kawo wa takardar biya, tana kuma iya kai ɗaruruwan Yuro.

Wasan Turawa ne kaɗai?

Dusar ƙanƙara ba ta san launin fata ba. Lamine Guèye na Senegal, wanda aka kai shi karatu Suwizalan tun yana yaro, shi ya kafa hukumar wasan ta ƙasarsa a 1979, ya yi gasa a Sarajevo a 1984, ya sake yi a 1992 da 1994. Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana sai da ya kusa shekara 30 ya fara, a wata gangarar cikin gini a Milton Keynes ta Ingila inda yake aikin karɓar baƙi, ya kuma kai ga wasannin Vancouver a 2010. Maƙwabciyarmu Togo ta shiga a 2014, Nijeriya a 2018, mu kuma a 2026. Abin lura shi ne kusan dukansu a ƙasashen waje suka koya, wato 'ya'yanmu na can ne ke ɗaga mana tuta.

To me na gaya wa maƙwabcina?

Na ce, "Alhaji, in ka hana shi daga nan, ba ka ganin abin da yake yi a can, gara ka bar shi da sharaɗi." Muka zauna muka rubuta sharuɗɗa huɗu ya karanta wa yaron a waya: ya ɗauki malami ko da na rabin yini ne, kada ya dogara da abokai, ya sa hular kwano, ya biya inshora, kada ya bar koriyar hanya sai malamin ya ce ya isa. Kuɗin da ya aika masa ma cewa ya yi na malami ne da inshora, sauran ya nema da kansa. Yaron ya je ya dawo lafiya, ya aiko da hoto yana zaune dirshan a cikin dusa, ya ce faɗuwarsa ta bakwai ke nan.

Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ya zo masa da irin wannan roƙo, ga sharuɗɗan nan ya ɗauka, rigakafi ya fi magani. Su kuma yarana na aji, na yi musu alkawarin darasi a kan ma'aunin zafi da tsayin duwatsu, tunda ta nan lissafin ya shiga kansu. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu na gida da na waje. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.