Jakadu Goma Sha Biyu Na Cikin Kai

A cikin darasin kiwon lafiya na wannan zango mun iske wani batu wanda muka ga ya kamata mu kawo shi gaban 'yan'uwa da malamanmu, gama ba masu koyon aikin asibiti kaɗai ya shafa ba. Duk wanda zai tsaya gaban allo wata rana, da yara zaune a gabansa, yana bukatar saninsa. Batun kuwa shi ne na jijiyoyin nan na cikin kai.

Da fari sai mu warware wata 'yar matsala ta harshe. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya. Akwai wadda jini ke gudana a cikinta, akwai mai tauri wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar agara, sa'an nan akwai ta uku, fara mai kama da zare, wadda ba ta ɗauke da kome sai saƙo. Wannan ta ukun muke nufi. In mun kwatanta ƙwaƙwalwa da sarki a fadarsa, to waɗannan su ne jakadunsa. Wasu suna kawo labari daga ƙasa, wasu suna kai umurni, wasu kuwa suna yin duka biyu. A cikin mafi saurinsu saƙo yakan ci wajen mita 100 a daƙiƙa ɗaya.

Yawancin jakadun jiki daga laka suke fitowa, ta tsakanin ƙasusuwan baya, ɗaya dama ɗaya hagu, har tagwaye 31. Amma akwai tagwaye 12 waɗanda suke fita ta ƙananan ƙofofin da ke gindin ƙoƙon kai. An daɗe ba a daidaita a kan ƙidayarsu ba. Jalinusu, babban likitan nan na zamanin Rumawa, ya ce 7 ne. A shekarar 1664 Tomas Wilis na Ingila ya mai da su 9. Sai a 1778 wani ɗalibin likita Bajamushe, Samuwel Zomarin, ya jera su 12, daga gaba zuwa baya, kuma lissafinsa ake bi har wa yau.

Ta 1 ita ce ta jin ƙanshi da wari. Zarurrukanta sun taso daga rufin hanci, sun ratsa wani ƙashi mai huje-huje kamar rariya. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma gaskiyarsu, gama gishiri aikin harshe ne. Amma daɗin daddawa da na citta rabon hanci ne, shi ya sa mai mura yakan ce miya ta yi lami alhali kuwa mai girki ba ta da laifi. Mutane da yawa sun ɗanɗana wannan a 2020, sa'ad da cutar korona ta ɗauke musu jin ƙanshi.

Ta 2 ita ce ta gani. Kowace ɗaya tana da zare fiye da miliyan 1. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta dama da ta hagu sun haɗu, wajen rabin zarurrukan kowace suka ƙetare zuwa ɗaya ɓangaren. Saboda haka duk abin da ke hannun hagunmu ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke ganinsa, ko da wane ido muka dube shi.

Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ne masu linzamin ido. Kowane ido yana da tsoka 6 masu juya shi. Ta 3 ke riƙe da 4 daga ciki, ita ce kuma ke ɗaga fatar ido, tana tsuke 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido in haske ya yi yawa. Ta 4 ita ce mafi siranta duka, tsoka ɗaya tak take aika wa, wadda ke taimakonmu duban ƙasa in muna karatu ko muna saukowa daga bene. Ta 6 kuwa ita ke kai ido waje, wajen kunne. In ɗayansu ta kasa, sai idanu su saɓa, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu.

Ta 5 ita ce mafi kauri, ta rabu reshe 3: na goshi, da na kumatu da muƙamuƙin sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Ita ke kawo labarin taɓawa da zafi daga fuska duka. Ciwon haƙori ta hannunta yake isa fada, haka kuma zogin tsakuwar da ta faɗa ido. Ita ce kuma ke sa tsokokin tauna aiki. Kowa ya dafa gefen goshinsa ya cije haƙora zai ji tsokar ta taso.

Ta 7 ita ce mai motsa fuska. Murmushi da ɗaure fuska da ɗaga gira da rufe ido duk nata ne. Ita ke kawo ɗanɗano daga kashi 2 cikin 3 na gaban harshe, tana kuma sa hawaye da wani sashi na yawu su zubo. Ta 8 aiki biyu gare ta, watau ji, da kuma tsai da mutum daidai kada ya faɗi. Yaron da ya yi ta juyi har jiri ya kwashe shi, ruwan da ke can cikin kunnensa ne bai daina motsi ba, jijiyar kuwa tana ta kai labari cewa har yanzu ana juyawa. Ta 9 tana kula da bayan harshe da maƙogwaro, tana taimakon haɗiya, tana kuma kai labarin ƙarfin jini daga babbar hanyar jinin wuya.

Ta 10 ita ce matafiyiya, sunanta ma na Latin ma'anarsa mai yawo. Daga kai ta gangaro ta wuya, ta ba da reshe ga maƙoshi inda murya ke fita, ta wuce zuwa zuciya da huhu da tumbi da hanji. Ita ke ja wa zuciya linzami. In ba domin ita ba, da zuciyar mutum tana bugu wajen sau 100 a minti ko yana kwance. A kanta ne Oto Lowi ya yi gwajinsa a 1921 da zukatan kwaɗi biyu. Ya tsokani jijiyar ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma ta rage. Da haka aka gane jijiya wani sinadari take saki ya ƙarasa saƙonta. Ta 11 ke juya wuya da ɗaga kafaɗa, ta 12 kuwa ke motsa harshe. In ta 12 ta gefe ɗaya ta mutu, mutum ya zaro harshe, sai ya karkata wajen gefen da ya mutu.

To, ina amfanin wannan duka gare mu? Ga misali uku.

Na fari, mutum yakan wayi gari bakinsa ya karkace, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, a ce iska ce ta mare shi. Sau da yawa jijiya ta 7 ce ta kumbura cikin matsattsiyar hanyarta ta ƙashi, ciwon da Calas Bel ya bayyana a 1821. Yawancin masu shi sukan warke cikin makonni ko watanni, magani kuwa ya fi ci in an fara shi cikin kwana 3, a kuma kiyaye idon kada ya bushe. Amma fa a lura. In mai ciwon yana iya ɗaga girarsa duka biyu, ko hannunsa ya yi nauyi, ko maganarsa ta harɗe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, daga ƙwaƙwalwa take, sai asibiti nan take.

Na biyu, kuturta takan taɓa ta 5 da ta 7, ido ya daina jin ƙura, ya kuma kasa rufuwa, har ya kai ga makanta. Yau tana da magani na wata 6 ko 12, ana kuwa ba da shi kyauta tun 1995. Jinkiri ne ke cin ido.

Na uku shi ne ya fi kusa da aikinmu. Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau yakan ɓarke da bazara, a 1996 ma fiye da mutum 100,000 ya kama a Nijeriya. Cikin yaran da sukan tashi daga wannan ciwo akwai waɗanda yakan bari da kurunta, domin ya ɓata cikin kunne da jijiya ta 8. Irin wannan yaro yakan komo aji, a kira shi ya yi shiru, a ba shi umurni ya saɓa, a ce taurin kai ne, a kai masa bulala. Kafin mu ɗaga hannu, sai mu tsaya bayansa mu kira sunansa a hankali, ta dama sa'an nan ta hagu. In bai waiwayo ba, mu matso da shi layin gaba, mu riƙa fuskantarsa in muna magana, mu shaida wa iyayensa su kai shi a duba kunnensa.

Iyakar abin da muka tattara ke nan. Muna roƙon malamanmu, in sun ga inda muka yi kuskure, su gyara mana a fitowa ta gaba.